Mayar da motar Motability ta Baba: a waya sun kyauta, a garejin dillali an ɓata mana rai

Duk wanda ke zaune a Birtaniya kuma yake da mai buƙata ta musamman a gida ya san Motability, shirin da ke ba masu buƙata ta musamman hayar mota da kuɗin tallafinsu, ba sai na tsaya bayanin yadda ake karɓar mota ba. Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne yadda ake mayar da ita idan mai ita ya rasu. Mu mun gani bana, da Allah ya yi wa Baba rasuwa.

Shan inna ta taɓa ƙafafun Baba tun yana yaro, don haka da hannu yake tuƙi. An sa masa wani ƙarfe kusa da sitiyari, in ya ja totur ne, in ya tura birki, ga kuma na'urar da ke ɗaga kekensa zuwa cikin but. Hayar shekara 3 ce, kuɗinsa na zirga-zirga na PIP, wato tallafin gwamnati ga masu buƙata ta musamman, fam 70 da ɗoriya a mako a lokacin, shi DWP, ma'aikatar da ke biyan tallafin, ke tura wa Motability kai tsaye. Ni kuma sunana na cikin direbobin da aka yi wa rajista.

Ranar jana'iza 'yan gaisuwa suka tsorata ni, kowa da tasa. Wani ya ce inshorar ta mutu tare da mai ita, wani ya ce in 'yan sanda suka tare ni kwace ta za su yi. A motar maƙwabci muka tafi maƙabartar Gardens of Peace, ta Baba tana ƙofar gida a ajiye.

Bayan mun yi rajistar rasuwa, muka bi ta Tell Us Once, tsarin gwamnati na sanar da hukumomi rasuwa a lokaci guda, aka sanar da DWP da ƙaramar hukuma, sai na kira Motability gabana yana faɗuwa. Wallahi ban zaci abin da na tarar ba. Matar da ta ɗauka ta fara da ta'aziyya, ta bar ni na natsu, sannan ta tambayi lambar mota da ranar rasuwa. Ta ce motar za ta iya zama a hannunmu har sati 2, kuma ni da sunana ke cikin inshora zan iya tuƙa ta don hidimomin da suka shafi mamacin. Ta ba ni zaɓi, ko na kai ta wurin dillali ko su turo a ɗauka. Ita ce ma ta tuna mini cewa kuɗin kafin alƙalami da Baba ya biya za a lissafa na watannin da suka rage a dawo da su, su shiga cikin gado. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai, don haƙƙin magada ne, kuma ni ko tunawa da shi ban yi ba a lokacin.

Umma tana takaba, ta ce mini, "Babangida, kai ta da kanka. Ba na son in leƙa taga in ga baƙo ya ja ta." Shi ya sa na zaɓi dillali, na kira su tun kafin na je, na faɗa musu dalili.

To a nan ne ran mutum ya ɓaci. Saurayin da ke kan tebur ya duba kwamfuta ya ce dole mai motar ya zo da kansa ya sa hannu. Na ce masa ya rasu, abin da ya kawo ni ke nan. Ko kansa bai ɗaga ba, ya ce to shi ba a rubuta masa komai ba, in zauna. Na zauna a tsakiyar masu zaɓen sababbin motoci, ina jin yana kiran sunan Baba da ƙarfi yana tambayar abokan aikinsa wa ya san zancen.

Da ya ga dama ya fito, sai ya shiga zagaya motar yana ɗaukar hoto. Ya tsaya a kan bambar baya, inda keken Baba ya goge fenti, ya ce wataƙila a caje mu. Mutum gurgu ne, kullum sai keke ya shiga ya fita, ina ake so ya goga? Ƙarshenta ko kwabo ba wanda ya nema a wurinmu, baƙin cikin kawai ya ƙunsa mini. Ya zare carbin da ke rataye a madubi, ya haɗa da sallayar da ke bayan kujera ya cusa a leda, ya miƙo mini yana kallon wayarsa. Kuma bai ji nauyin tambayata ba ko ina son in duba wata motar tunda yanzu ba mu da ita.

Gaskiya ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Wani dattijon makanike da ke yi wa motar sabis ya hango ni ya fito. Ya san Baba sarai, har ya tuna yadda yake tsayawa hira da su. Ya yi mini gaisuwa, kuma shi ya tsaya sai da aka ba ni takardar shaidar cewa na miƙa mota da makullai biyu, abin da saurayin nan ya ce wai ba dole ba ne. Duk wanda zai mayar, kada ya bar wurin babu wannan takardar, kuma ya cire katin fakin mai launin shuɗi, na ƙaramar hukuma ne, can ake mayar da shi.

Saboda dattijon nan na so in yafe wa garejin. Sai ga shi bayan sadakar arba'in saƙonsu ya shigo wayar Baba, wadda ke hannun Umma, suna gaishe shi da suna, wai lokacin sabis ya yi, ya kawo mota. Motar da ke hannunsu! Umma ta wuni ba ta ci abinci ba. Na kira su, aka ce kwamfuta ce ke turawa, za a goge. Ni dai na ba Motability taurari 5 ba tare da wata-wata ba, amma in kana da zaɓi ka ce su turo a ɗauka daga gida. Garejin nan kuwa ko tauraro 1 da na ba su na dattijon ne.