Sharhina kan Ram 2500 mai injin Cummins, daga ronin har zuwa jan tirelar kwana

Ƴan uwa da yawa sun yi ta tambayata yadda na ji motar nan tun da na ɗauko ta, musamman masu tunanin sayen tirelar kwana su riƙa fita da iyali lokacin hutun makaranta, to bari in faɗa tun farko, mota ce ta aiki. In kana da kaya mai nauyi da za ka ja ba za ka yi da-na-sani ba in sha Allahu, amma in zirga-zirgar cikin gari ce kawai, gida zuwa wurin aiki zuwa ɗauko yara, don Allah ka haƙura da ita ka sayi mai fetur, aljihunka ya huta kai ma ka huta.

Tawa ƙirar 2023 ce, mai ƙofa huɗu, fowil, injin Cummins lita 6.7 mai silinda shida a jere, ƙarfin doki 370. Injin a jihar Indiana ake haɗa shi, ita kuma motar a Saltillo ta ƙasar Meziko, kuma tun 1989 masu ƙera Ram suke saka injin kamfanin Cummins a a-kori-kurarsu, wannan tsufan tarihin na cikin abin da ya ja ni gare ta gaskiya. Ina zaune a Aurora kusa da Denver a jihar Kolorado, tirelar tamu kuwa irin mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki ce, in an loda mata ruwa da kayan abinci da kekunan yara tana kai wa wajen laba 8,000, wato kilo 3,600 da ɗan wani abu.

Maganar ronin, wato lallaɓa sabuwar mota a tafiyarta ta farko har sassanta su saba da juna, ita ce ta fi rikita mutane, domin a wurin saye ma wani daga cikin masu sayarwa ce min ya yi injin dizal na yanzu baya buƙatar komai, in na ga dama in ɗaura tirela daga nan in wuce. Rabin gaskiya ya faɗa. Littafin motar ya nuna shi injin kansa ba ya buƙatar wani lallaɓawa na musamman, amma ai mota ba inji kaɗai ba ce, a wani shafin an ce kar ka ja tirela kwata-kwata a mil 500 na farko, kusan kilomita 800 kenan, sannan mil 500 na farko da za ka yi da tirela a baya kar ka wuce gudun mil 50 a awa kuma kar ka danne totur har ƙasa wajen tashi. Dalilin yana can ƙasa a bakaksul, haƙoran giyar ciki sababbi ne basu gama sabawa da juna ba, in ka ɗora musu nauyi da gudu tun ranar farko zafi suke ɗauka sosai, man ciki ya ƙone, nan gaba ka fara jin wani kuka daga baya wanda babu maganinsa sai an buɗe. Masu Ford ma nasu littafin mil 1,000 ya ce, don haka kowa ya buɗe nasa ya karanta, kar ka ɗauki lissafin motar maƙwabcinka.

Sai kuma ɗaya ɓangaren da mutane basu cika sani ba, shi injin nan so yake a ba shi aiki. Littafin da kansa ya nuna sassan ciki suna gama zama ne a cikin mil 6,000 na farko kuma nauyi ne ke taimaka musu, in kana ta yawo da ita fayau ba kaya to zaman zai ɗauki lokaci, man da take sha ma ba zai daidaita da wuri ba. Kamar sabon san noma ne, ba a ɗaura masa garma ranar da aka kawo shi, amma in ka bar shi a turke yana ci yana kwance shi ma ka ɓata shi.

Yadda na yi nawa, farko na riƙa bin babban titin I-76 wajen garin Fort Morgan in dawo, ban kunna abin nan mai riƙe gudu da kansa ba, wani lokaci in ɗan ƙara wani lokaci in sassauta, in ratsa cikin ƙananan garuruwa don giya ta yi ta hawa da sauka. Da lokacin ɗaura tirela ya yi sai na bar babban titi gaba ɗaya, don gudun 50 a inda doka ta ba da 75 manyan tireloli na ta wuce ka suna girgiza ka da iska ba abin da zan so wa kowa ba ne da yara a mota, na koma ƙananan hanyoyin gabas irin US 36 inda ba kowa sai gonaki da shanu. Duk inda muka tsaya nakan durƙusa in kai hannu kusa da tukunyar bakaksul, ba taɓawa ba, kusa dai, za ka ji hucin zafi na dukan tafin hannunka, ga wani wari na sabon fenti da ke ƙonewa a jikin salansa, wannan duk ba matsala ba ne yana wucewa. Bayan na gama wannan zangon na sa aka juye man bakaksul ɗin duk da lokacinsa bai yi ba, ra'ayina ne ba dokar littafi ba, kuma da na ga man da ya fito yana ɗan ƙyalli da garin ƙarfe mai laushi a ciki hankalina ya kwanta da kuɗin da na kashe.

Inda motar nan ta shiga raina da gaske shi ne kan dutse. Duk wanda ya san titin I-70 yamma da Denver ya san hawan da ake yi zuwa ramin Eisenhower, inda titin ya ratsa ta cikin dutse, wajen mita 3,400 sama da teku, iska ta yi ƙaranci har motocin fetur marasa turbo su fara haki, ita kuwa haka take tafiya da tirelar a baya a natse ba ihun inji, allurar zafi ta ɗan motsa ta tsaya. Amma hawan ba shi ne abin tsoro ba, gangarowa ce. Daga bakin ramin zuwa Silverthorne gangara ce mai kashi 7 cikin 100 mai tsawon gaske, har an yi wa manyan motoci hanyoyin tsira a gefe, tudu cike da tsakuwa, saboda wanda birkinsa ya ƙone ya faɗa ciki. A nan ne birkin salansa ke nuna amfaninsa, kana danna maɓallinsa tare da na jan kaya sai fuka-fukan cikin turbo su matse hayaƙi, injin da kansa ya riƙa riƙe motar, giya ta sauka ƙasa, ka ji wani gurnani mai kauri ta baya, allurar gudu ta kafe wuri ɗaya kamar an ɗaure ta, ƙafata tana kusa da birki amma da ƙyar nake taɓa shi sai jefi-jefi a kwana. Ka sauke gilas kaɗan za ka ji ƙaurin birkin wasu motocin da ke gabanka. Uwargida da a da take riƙe hannun ƙofa tana ta salati a wannan gangaren yanzu hira muke yi har ƙasa, wallahi ko don wannan kaɗai kuɗin dizal ɗin ya biya ni.

Yanzu ga abin da nake roƙon kowa ya duba kafin ya sa hannu a takarda. Kar lambar da ake tallatawa ta nauyin da mota za ta iya ja ta ruɗe ka, buɗe ƙofar direba ka karanta ƴar takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, ita ce ke faɗa maka nauyin da motar za ta iya ɗauka a kanta. Injin dizal nauyi gare shi, yana cinye wani kaso, tawa ɗan sama da laba 2,000 ne ya rage, kuma a ciki za ka cire kanka da matarka da yara da itacen hura wuta da janareta, sannan kan tirelar da ke danne bayan motar wanda ya kamata ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinta. Ka ga lissafi ya fara matsewa tun ba a je ko'ina ba. Mai niyyar babbar tirela irin wadda ake ɗaurawa a tsakiyar bodi gara ya tafi Ram 3500 kai tsaye. Ni na kai tawa sikelin CAT na wuraren tsayawar manyan motoci na auna gaba da baya da tirela, kuɗin kaɗan ne, kuma na sa ƙarfen ɗauri mai rarraba nauyi saboda gaban motar kar ya ɗaga sitiyari ya yi sakwa-sakwa. Birkin tirela kuma akwai abin saita ƙarfinsa a dashbod, ka gwada shi a fili ba kowa kafin ka hau titi.

Kula da ita ba wuya amma ba arha. Juye ɗaya yana cin baƙin mai lita 11 da ɗoriya, kuma a nan a kiyaye, 15W-40 da muka saba zuba wa duk wani injin gas a gida ba shi ake sa wa waɗanda aka yi daga 2019 ba, 10W-30 na dizal ake so, in sanyi ya yi tsanani ƙwarai a koma 5W-40. Iyakar da aka ba da mil 15,000 ne ko awa 500 na aikin inji, ni dai bana kai wa nan tunda jan kaya nake yi a kan duwatsu. Filtar baƙin man sai da dabara, ta ramin tayar gaba ta ɓangaren fasinja ake zura hannu, ka karya sitiyari, ka sa leda ka lulluɓe ta kafin ka zaro in ba haka ba mai ya bi maka hannu har gwiwa. Filtar dizal guda biyu ce, ɗaya a jikin inji ɗaya a ƙasa can baya, ana canja su tare duk mil 15,000, kuma kar a yi wasa da su ko a sayo na bogi don araha, ruwa ko datti kaɗan ya isa ya kashe nozul, kuɗin nozul kuwa ba a magana. In fitilar ruwa a cikin mai ta kama ka tsaya ka tsiyaye shi a take.

Sai ruwan DEF, wanda ake fesawa a salansa don rage gubar hayaƙi, yuriya ce kashi 32.5 cikin 100 da tataccen ruwa, tankinsa daban mai shuɗin murfi. In kana jan kaya yana saurin sauka. Kar ka bari ya ƙare don motar za ta yi ta gargaɗi daga ƙarshe ta hana ka wuce gudun mil 5 a awa, a famfon gidajen man manyan motoci ya fi sauƙin kuɗi kan na jarka, kuma kar ka tara shi da yawa a gareji don yana lalacewa da zafi. Yana daskarewa in sanyi ya kai digiri 11 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salsiyas amma tankin na da abin ɗumama shi.

Dalilin da ya sa na ce mai yawon cikin gari ya haƙura shi ne matatar toka da ke cikin salansa. Tana tara baƙin hayaƙi, in ta cika sai motar ta ƙona shi da kanta, kuma hakan na son doguwar tafiya da zafi, za ka gane tana yi in ka ji wani ƙauri-ƙauri kuma shan mai ya ƙaru na ɗan lokaci. Gajerun tafiye-tafiye da barin ta a silo awa da awanni su ne ke toshe ta. Mu kuma mun taso da ganin direbobi na barin babbar mota a kunne tun asuba, to wannan ba irin waccan ba ce, ɗumama kaɗan ka ja a hankali ya fi mata. Wasu za su ba ka shawarar ka cire matatar gaba ɗaya, kar ka saurare su, laifi ne a dokar Amurka, garanti ya tashi, kuma a yankinmu ana gwajin hayaƙin motocin dizal. Inda silo ke da amfani shi ne bayan ka sha hawa da kaya, ka ba ta kamar minti biyar kafin ka kashe don turbo ya huce.

Lokacin sanyi nakan jona wayar ɗumama inji da daddare, da safe in jira fitilar jira ta mutu kafin in tayar, kuma ina zuba maganin hana dizal yin kauri in za mu hau dutse. A gidan mai ku riƙa karanta rubutun famfo, kar ku dogara da koren hannu, akwai wuraren da koren na fetur ne.

Shan mai, in ba kaya a babban titi ina ganin wajen mil 20 a galan, da tirela kuwa 11 ko 12, in iska na gaba ya sauka ƙasa da haka. In ba kaya tana da tauri a kan gargada kamar dai duk motocin ajinta, sai an ɗora mata nauyi take laushi, wurin fakin a cikin gari ma sai ka zagaya ka nemi can ƙarshe.

Masu tambaya ko za a iya tura irinta gida, ku yi tunani sosai, an gina ta ne kan dizal mai sulfa kaɗan ƙwarai wanda bai wuce 15 cikin miliyan ba, sai ka tabbatar kana da inda za ka riƙa samun mai tsafta irin wannan da ruwan DEF da makaniken da ke da kwamfutar duba ta. Wanda kuma zai sayi ta hannu ƙirar 2019 ko 2020, kamfanin ya yi kiran waɗannan don canja famfon mai, ka sa lambar bodin a shafin duba kiran motoci ka tabbatar an yi aikin, sannan ka duba awannin da injin ya yi a silo a dashbod ba mil kaɗai ba.