Barin Chrome: Firefox ko Brave?

Malam, ka ce kana son barin Chrome saboda ka gaji da yadda duk abin da ka bincika sai tallarsa ta yi ta bin ka shafi zuwa shafi. An ba ka shawarar Firefox da Brave, sai kuma wani ya ce maka ai Brave Chrome ce ta sauya riga, shi ne ka nemi a bambance maka. Wanda ya faɗa maka haka bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya ba ka. Tambayoyi biyu ne suka cakuɗe a nan: wa ke leƙen abin da kake yi, da kuma wa ke riƙe da linzamin intanet gaba ɗaya. Burauzar da ta fi a ta farko ba lallai ita ce ta fi a ta biyu ba.

Kowace burauza tana da inji a cikinta. Shi ne ke karɓar abin da mai shafi ya rubuta ya mayar da shi rubutu da hotuna da maɓallan da kake taɓawa. In ka shiga Play Store za ka ga sunayen burauza birjik, amma manyan injina uku ne kacal suka rage a duniya: Blink na Google, WebKit na Apple, da Gecko na Mozilla, masu Firefox. Chrome, Edge, Opera, Vivaldi, Samsung Internet da Brave duk a kan Chromium aka gina su, wato aikin da Google ke jagoranta, wanda Blink ke cikinsa. Kamar A Daidaita Sahu ne, kowa da kwalliyarsa da rubutun da ya yi a baya, amma in ka leƙa ƙasa injin kamfani ɗaya ne. Opera ta ajiye nata injin mai suna Presto a 2013. Microsoft, duk da dukiyarsa, ya sanar a Disamba 2018 cewa ya haƙura da nasa, sabuwar Edge ta fito a Janairu 2020 a kan Chromium. Firefox ce kaɗai babbar burauzar da ba ta Apple ba, ba kuma a kan aikin Google take tsaye ba.

Ta fuskar sirri, dalilinka na barin Chrome yana da tushe. Kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin shigar kamfanin da ya mallaki Google daga talla yake zuwa. A Janairu 2020 Google ya yi alkawarin cewa cikin shekara biyu zai cire kukis ɗin da kamfanonin talla ke bin sawun mutane da su, wato 'yan bayanan da shafuka ke ajiyewa a burauzarka don su gane ka. Aka yi ta ɗage ranar, har a Yuli 2024 ya ce ya fasa. A Afrilu 2024 kuma, a wata shari'a da aka sasanta a Amurka, ya amince zai goge biliyoyin bayanan da aka tattara daga mutanen da ke amfani da Incognito, wato tagar sirri ta Chrome, suna zaton sun ɓuya.

Idan ka sauke su biyun yau ba ka taɓa saitin komai ba, Brave ta fi kare ka. Wannan ba abin musu ba ne. Tun buɗewar farko tana toshe tallace-tallace da masu bin sawu, kuma a jikinta abin yake, ba sai ka ƙara mata komai ba. Buɗe shafin wata jarida mai yawan talla ka taɓa hoton zakin da ke sama, za ka ga adadin abubuwan da ta tare kafin su iso wayarka. Ga wanda ke sayen data da gumin goshinsa, wannan ma riba ce, domin tallar bidiyo da ba ka nema ba da datarka take wasa. Brave tana kuma rikita wata dabarar da ta fi kukis haɗari, inda shafi ke haɗa girman allon wayarka da harshen da ka saita da nau'in na'urarka ya gane ka ko da ka goge komai. Tana ɗan sauya amsoshin da take bayarwa don kada a samu hoto ɗaya tabbatacce.

Firefox ba ta zo da hannu rabbana ba. Tun Satumba 2019 take toshe sanannun masu bin sawu ba tare da an saita ba, kuma daga Yuni 2022 ta fara ware wa kowane shafi nasa ma'ajin kukis, ta yadda abin da Facebook ya ajiye a shafin jarida ba zai haɗu da wanda ya ajiye a shafin saye da sayarwa ba. Sai dai ba ta toshe talla da kanta. Sai ka ƙara mata uBlock Origin, 'yar manhajar da Raymond Hill ke kula da ita kyauta. A waya aikin minti ɗaya ne: ka taɓa ɗigo ukun nan, ka shiga wurin ƙananan manhajojin ƙari (Extensions), ka zaɓe ta. Chrome ta Android ba ta ma yarda a ƙara mata irin wannan ba sam. Da zarar ka sa ta, tazarar da ke tsakanin Firefox da Brave ta zama 'yar kaɗan, har mai amfani na yau da kullum ba zai lura da ita ba.

A kan uBlock Origin ɗin nan ne tambayoyin biyu suka haɗu, kuma nan nake son ka tsaya sosai. Google ya sauya ƙa'idar yadda ƙananan manhajojin burauza ke aiki, ya fito da tsarin da ake kira Manifest V3, yana cewa don tsaro da sauri ne. Sabuwar ƙa'idar ta rage wa masu toshe talla ƙarfi, kuma daga ƙarshen 2024 Chrome ta fara kashe cikakkiyar uBlock Origin a kwamfutocin mutane, sai wata sassauƙa mai suna Lite ta rage. Abin bai taɓa garkuwar Brave ba tunda a jikinta take, kuma kamfanin ya ce zai ci gaba da riƙe uBlock Origin iya ƙarfinsa. Amma duba inda suke tsaye: duk lokacin da Google ya sauya wani abu a Chromium, injiniyoyin Brave sai sun bi baya suna cirewa suna faci. Suna iya ƙin wani abu, amma ba su ke tsara hanya ba. Mozilla kuwa cewa kawai ta yi Firefox za ta ci gaba da tsohuwar hanyar toshewa, kuma ba ta buƙaci izinin kowa ba, domin injin nata ne.

An taɓa ganin inda mamayar inji ɗaya ke kai mutane. Internet Explorer 6 ta fito a 2001, a shekarun da burauzar Microsoft ke riƙe da sama da kashi 90 cikin ɗari. Da babu mai ja da ita, sai da aka yi shekara biyar, 2006, kafin sabuwa ta fito, kuma bayyanar Firefox a 2004 na cikin abin da ya tashe su daga barci. Matsalar yau akasin waccan ce. Google ba barci yake ba, gudu yake, kuma abin da ya sa a Chrome yakan zama doka tun kafin sauran su zauna su tattauna. A 2023 wasu injiniyoyinsa suka kawo shawarar da za ta ba shafi damar tantance ko burauzarka "amintacciya" ce kafin ya buɗe maka. Mozilla da Brave da Vivaldi duk suka yi tir, aka janye ta a Nuwamba na shekarar. Ƙin amincewar Mozilla yana da nauyi na daban, domin in injin da ba na Google ba ya ƙi ɗaukar abu, da wuya a kira shi ƙa'idar intanet ta kowa. Nauyin nan kuwa da yawan masu amfani ake auna shi, ga shi Chrome na riƙe da kusan kashi biyu cikin uku na duniya, Firefox ba ta kai kashi 3 cikin ɗari ba.

Kada ka ɗauka ɗayansu tsarkakakke ne. Brave, wadda Brendan Eich mai ƙirƙirar JavaScript, harshen shirya shafukan intanet, ya kafa, an kama ta a 2020 tana liƙa lambar samun kamisho ga adireshin Binance, kasuwar kuɗin intanet na kirifto, in mutum ya rubuta shi. Eich ya nemi afuwa, aka gyara. Tana kuma cike da kayan kirifto da tallanta na kanta, waɗanda ni dai ina ganin sun yi yawa, ko da yake ana iya kashe su. Matsalar Firefox ta fi ciwo. Sama da kashi 80 cikin ɗari na kuɗin Mozilla daga Google yake fitowa, kuɗin sanya shi a matsayin injin binciken farko. A Agusta 2024 alƙali Amit Mehta a Washington ya yanke cewa Google ya yi babakere a harkar bincike ba bisa doka ba, kuma irin waɗannan biyan kuɗin na cikin hujjojin. Apple kaɗai ya karɓi dala biliyan 20 a 2022. A Satumba 2025 alƙalin ya ƙi tilasta sayar da Chrome, bai kuma hana biyan gaba ɗaya ba, Mozilla ta numfasa. Ita ma ta ɓata wa masoyanta rai: a Yuli 2024 ta kunna wani tsarin auna talla ba tare da ta tambayi kowa ba, a Fabrairu 2025 kuma ta fito da sharuɗɗan amfani da suka tayar da ƙura har sai da ta sake rubuta su. Duk da haka ban ga wani da zai maye gurbinta yanzu ba. Ladybird, sabon injin da ake ginawa daga tushe, bai kai ga hannun talaka ba tukuna.

Abubuwa biyu a taƙaice. In iPhone gare ka, maganar inji ba ta shafe ka ba, domin Apple ya tilasta wa duk burauza amfani da WebKit, in ban da sassaucin da dokoki suka sa ya yi a wasu wurare, kamar Tarayyar Turai daga Maris 2024. A nan Brave ta fi dacewa, tunda Firefox ta iPhone ba ta ɗaukar uBlock Origin. Opera Mini kuma, wadda yawancinmu muka fara shiga intanet da ita, tana rage data ne ta hanyar bi da shafuka ta na'urorin kamfanin a matse su. Tanadi ne mai kyau, amma ba don sirri aka yi ta ba.

Shawarata gare ka, tunda ka damu da abubuwan biyu: ka mayar da Firefox da uBlock Origin burauzarka ta kullum, ka ajiye Brave a gefe. Za ka buƙace ta, domin akwai shafukan rajista da na biyan kuɗi da masu gina su a Chrome kaɗai suka gwada, sai ka ga maɓalli ya ƙi dannuwa ko hoton fasfo ya ƙi hawa. In hakan ta faru ka buɗe Brave ka gama aikinka ka dawo. Amma in wayar Baba ko ta Hajiya za ka saita, waɗanda ba za su taɓa shiga saiti ba, sa musu Brave kai tsaye, ka kashe kayan kirifton.

Duk wadda ka zaɓa, sauya injin bincike zuwa DuckDuckGo ko Brave Search, domin Firefox da Google take zuwa. Ka sani kuma burauza ba ta ɓoye wa kamfanin layinka sunayen shafukan da kake shiga, kuma in ka shiga asusunka na Google ko Facebook to ka gabatar da kanka da kanka. Wajen ƙaura, fara daga kwamfuta: Firefox za ta kwaso maka kalmomin sirri da shafukan da ka adana daga Chrome, sannan ka buɗe asusun Mozilla su sauka a wayarka. In ta hanyar fitar da kalmomin sirrin a fayil ka bi, ka goge fayil ɗin nan take har daga kwandon shara, domin a fili suke a cikinsa, duk wanda ya buɗe zai karanta.