Heterorhabditis ko Steinernema: wanne ya dace da gwazarmar da ke cin saiwar shuka?

Malam, game da gwazarmar da ke cinye saiwar dankalinka a fadama, shawarata ita ce ka sayi Heterorhabditis ka bar Steinernema, kuma zan bayyana dalili domin kada ka ɗauki maganata a kan amana kawai.

Dukkansu biyun tsutsotsin nematod ne, ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya rarrabe su sosai sai da madubin ƙara girma, kuma ba su ne irin nematod masu kumbura saiwar tumatir ba, domin su biyun nan ƙwari kaɗai suke nema. Kowannensu yana ɗauke da irin bakteriyarsa a cikin hanji: Heterorhabditis yana tafe da Photorhabdus, Steinernema kuma yana tafe da Xenorhabdus. Tsutsar tana shiga jikin ƙwaro ta baki, ko ta dubura, ko ta ƙofofin numfashi, ta kutsa zuwa jininsa, sannan ta saki bakteriyar, wadda ke hayayyafa ta karya garkuwar jikinsa ta kashe shi, galibi cikin awa 24 zuwa 48, ko da yake babbar gwazarma takan ɗauki fiye da haka. Tsutsar ita ce kibiya, bakteriyar kuma ita ce dafin da aka shafa mata, saboda haka sai an duba ƙarfin dafin, an kuma duba ko kibiyar za ta isa inda ake so.

Ta fuskar dafi, Photorhabdus abin mamaki ne. A ɗakin gwaji, ƙwayoyinta 'yan kaɗan, waɗanda ba su kai goma ba, idan aka yi wa ƙaramar tsutsar ƙwaro allurarsu, sun isa su halaka ta. A shekarar 1998 masu bincike a Amurka suka bayyana wani rukunin guba da take fitarwa, wanda ake kira Tc, a 2002 kuma aka gano wata gubar mai suna Mcf, wadda ke sa jikin tsutsar ƙwaro ya saki ya yi laƙwas kafin ta mutu. Bayan kisan ma aikinta bai ƙare ba, domin tana fitar da sinadaran da ke hana sauran ƙwayoyin cuta ruɓar da gawar, har ma su kori tururuwa, ta yadda nematod zai ci ya hayayyafa a ciki, sabbin 'ya'yansa dubbai su fito bayan kamar mako biyu su bazu cikin ƙasa neman wata gwazarmar.

Na ga wannan da idona a garkata da ke kusa da Kura. Wani ɗan'uwana mai aikin binciken noma ne ya kawo mini Heterorhabditis a cikin kula da ƙanƙara, a lokacin hunturu, muka jiƙa kunyoyin dankali, muka dama shi a ruwa muka zuba bayan la'asar, muka sake bin sa da ruwa domin ya nutse. Da muka tona bayan 'yan kwanaki, sai muka tarar da gwazarmar da muka sani fara ta rine ta koma ja mai duhu, ba wari, ba ruɓa, kuma tururuwa ba ta taɓa ta ba. Ɗan'uwan nawa ya sa muka kai wasu cikin ɗaki da dare muka rufe ƙofa, muka jira har idanunmu suka saba da duhu, sai ga wani ɗan haske mai rauni yana fita daga jikinsu, domin bakteriyar tana haskakawa. Yaran gidan sun daɗe suna ba da labarin. Ni kuwa abin da ya faranta mini rai shi ne yadda ganyen da ya fara yaushi ya farfaɗo, aka kuma haƙo dankali mai ƙarancin rami.

Abin da ya sa ya yi aiki shi ne halin tsutsar. Heterorhabditis bacteriophora yawo take yi cikin ƙasa tana bin iskar numfashin ƙwaro har ta same shi a gindin saiwa, tana kuma da ɗan haƙori a kai wanda ke ba ta damar huda fata mai laushi. Bugu da ƙari, zuriyar farko da ke girma a cikin gawar mata-maza ce, saboda haka ko guda ɗaya ta shiga za ta iya hayayyafa.

Steinernema carpocapsae kuwa na taɓa sayensa saboda wannan matsalar, kuɗina bai dawo ba. Xenorhabdus tana kisa, babu musu, kuma wannan nau'in ya fi jure ajiya, amma tsutsar kwanton ɓauna take yi a saman ƙasa tana jiran mai wucewa, alhali gwazarma tana can ƙasa. Wanda tsutsar ƙwaro ke yanke wa dashe da dare zai iya amfana da shi. Kai ba wannan ce damuwarka ba.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma wajibi ne in faɗa. Wannan kaya mai rai ne, zafi da rana da bushewa suna kashe shi, kuma Heterorhabditis ya fi saurin mutuwa a ajiya. Duk mai shagon da ya ciro maka fakiti daga kanta, ba daga firiji ba, ko wanda ranar ƙarewar aikinsa ta goge, gawa yake sayar maka, ko da ya rantse. Wasu ma garin da ba a san asalinsa ba suke ƙullawa su liƙa masa suna. Kafin ka biya kuɗi mai yawa, ka karɓi kaɗan ka dama a ruwa ka duba da madubi: masu rai suna motsi, matattu a miƙe suke sambal. Sannan ka zuba shi a kan 'yan ƙananan gwazarma cikin gwangwani mai yashi mai laima, ka ajiye a inuwa. Idan bayan kwana uku zuwa huɗu suka mutu suka yi ja, kayan gaskiya ne, idan kuwa suka yi baƙi suna wari, wani abu ne dabam ya kashe su.

Idan ka sami Heterorhabditis indica, wanda aka fara bayyanawa daga Indiya a 1992, ka fifita shi, domin ya fi jure zafi irin namu. Kada ka zuba a tsakiyar bazara lokacin da ƙasa ke ƙona ƙafa. Ka bari sai da yamma, gwazarmar tana ƙanana, ka cire matacin abin feshinka, ka wanke shi daga ragowar maganin ƙwari, kuma ka riƙe ƙasar da laima har mako biyu bayan zubawa.