CELTA ko TEFL ta intanet: wacce ta dace da mai shekara 46?

Yaya, ka ce shekararka 46, ka yi shekara 20 kana aikin lissafin kuɗi, yanzu zuciyarka ta karkata ga koyar da Turanci a ƙasar waje, kana tambaya wace takardar shaida za ka nema. CELTA da TEFL duk takardun shaidar koyar da Turanci ne ga waɗanda ba harshensu ba ne. Na yi duka biyun, kuma a shekarunka CELTA nake ba ka shawara.

TEFL ta intanet tana da araha da sauƙi. Yawanci awa 120 ce, kana yinta da daddare bayan ka tashi aiki, albashinka bai tsaya ba. Sai dai babu wata hukuma guda da ke riƙe da sunan TEFL, kowane kamfani na iya tsara tasa, kuma a da yawa daga cikinsu za ka karɓi takarda ba ka taɓa tsayawa gaban ɗalibi ba.

CELTA kuwa ta sashen Turanci na Jami'ar Cambridge da ke Ingila ce. Ita ma wajen awa 120 ce, mako 4 zuwa 5 idan ka ba ta lokacinka gaba ɗaya, kuɗinta kuma ya ninka na waccan sau da yawa. Abin da kake saya da kuɗin shi ne awa 6 na koyar da manyan ɗalibai na gaske, malami na zaune a bayan aji yana rubuta duk abin da ka yi, ga kuma rubutattun ayyuka 4. A darasina na farko na shirya bayani mai kyau, na zuba shi tiryan-tiryan, ina jin na burge. Da aka tashi, malamar ta nuna mini takardarta: kusan duk lokacin ni kaɗai na yi magana, wata ɗaliba a gefen taga ko sau ɗaya ba ta buɗe baki ba. Wanda ya saba jagorantar taro a ofis, wannan ce cutarsa, kuma ba ya ganinta sai an nuna masa.

Ga inda shekaru suka shigo. Ƙananan makarantun koyar da yara, waɗanda TEFL ta intanet ke isar su, sun fi son matashi ɗan shekara 23 da ba shi da iyali, ya yarda da ƙaramin albashi. Kai kasuwarka daban ce: jami'o'i, British Council (hukumar Birtaniya mai koyar da Turanci a ƙasashen waje), kamfanonin da ke horar da ma'aikatansu, da ƙasashe irin su Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda ba a cire haraji daga albashi. Su kuwa CELTA ko takwararta ta Kwalejin Trinity da ke Landan, wato Trinity CertTESOL, suke tambaya, sau da yawa har da gogewar shekara 2. A nan ne shekarunka 20 na aikin lissafin kuɗi za su yi maka rana, domin ma'aikacin banki da ke son Turancin rahoto da na ciniki ya fi sakin jiki da wanda ya san aikin.

Akwai abin da babu wacce za ta gyara maka a cikinsu: digiri da fasfo. A ƙasashe da yawa sai da digirin farko ake ba da izinin aiki. Koriya ta Kudu galibi 'yan ƙasashe 7 take ba bizar koyar da Turanci: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ayalan, Ostareliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. A Sin izinin aiki yakan yi wuya da mutum ya kai 60, kuma dokar 2021 ta rufe cibiyoyin darasin bayan makaranta masu yawa.

Don haka kafin ka biya ko sisi, zaɓi ƙasashe biyu, ka karanta tallan aiki 20 daga kowacce, ka ga abin da suke nema daga mai fasfo irin naka. In ba za ka samu hutun wata guda ba, akwai CELTA da ake yi kaɗan-kaɗan cikin 'yan watanni, ba sai ka ajiye aikinka tukuna ba.