Injiniyan da ya raba mana teburan Zabbix: aiki ya yi kyau, amma layi ɗaya ya raba mu da Alhaji

Tun bayan Babbar Sallah nake son rubuta wannan, amma na dakata har raina ya yi sanyi, don kada in ɗora wa bawan Allah abin da bai yi ba. Ba zan kama sunansa ba. Matashi ne ɗan Arewa da ke zaune wajen Ikeja, yana karɓar aikin rumbun bayanai, wani abokina ne ya haɗa mu.

Mu ƙaramin kamfani ne a Agege, muna ba shaguna da masu POS intanet ta eriya, tun daga bakin layin dogo har cikin Abbatuwa, babbar mayanka da kasuwar dabbobi. Da manhajar Zabbix muke sa ido a kan kayanmu, rauta da eriya da inbata, ita ke turo min saƙo ta Telegram idan wani abu ya mutu. Bayanan kuma rumbun bayanai na MariaDB suke shiga, a kan saba guda, wato babbar kwamfutar da ke ofis. Da kayan suka yi yawa sai teburin history_uint, inda Zabbix ke tara lambobin da take aunawa, ya kumbura. Mai sharar da ke cikin Zabbix layi-layi yake gogewa, ya daina iya kamo abin da ke shigowa, kuma duk wanda ya san InnoDB, injin ajiyar MariaDB, ya san ko ka goge layi miliyan nawa, fayil ɗin ba ya raguwa a kan diski. Kullum sai in duba sauran wuri gabana na faɗuwa.

Gaskiya ɗaya ce, ranar da ya zo ya burge ni. Bai taɓa komai ba sai da ya kwafi rumbun gaba ɗaya a wani diski. Ya zaunar da ni ya yi min bayani da Hausa tsantsa: kowane layi yana ɗauke da lokacinsa a gurbin da ake kira clock, wato adadin daƙiƙoƙi tun 1 ga Janairun 1970, to da wannan lambar za a yanka teburin gida-gida. Teburan history kowace rana da ɗakinta, teburan trends, masu taƙaitaccen bayanin kowace awa, kowane wata da nasa. Idan rana ta tsufa, ba sai an bi layi-layi ba, ɗakin ake ɗaukewa ɗungurungum, wurin ya dawo nan take. Ya kuma gargaɗe ni cewa yankan farko sake gina teburin yake yi, yana buƙatar fili kusan girman teburin, shi ya sa muka yi shi daren Asabar. Ya kwana a kujerar ofis, janareta na ta ruri, da asuba muka yi sallah tare. Ya kashe wa mai shara aikin history da trends, ya rubuta wani ɗan tsari a cikin rumbun wanda kullum zai gina ɗakunan kwana 14 masu zuwa, ya rushe waɗanda suka wuce wa'adi.

Wata uku ban san wani abu wai shi diski ya cika ba. Jadawalin Zabbix, zanen da ke nuna lafiyar kaya, da yake ɗaukar lokaci kafin ya buɗe, yanzu kana dannawa ya fito. Na biya shi yadda muka yi, har da ɗan ƙari, na kuma yabe shi a gaban mutane. Da a lokacin na rubuta wannan sharhin, tauraro biyar zan ba shi ban yi wata-wata ba.

Sai damina ta kankama. Wani dare aka yi ruwa irin na Legas, aka ɗauke wuta, batiran inbata suka ƙare kafin yaronmu ya tada janareta, saba ta mutu. Da ta tashi komai ya dawo, jadawali na tafiya, saƙonni na shigowa. Na yi hamdala na manta da zancen.

Saura kwana huɗu Sallah na hau mota na tafi gida. Wayata shiru. Na ɗauka Allah ne Ya ba mu lafiyar kaya, har na faɗa wa mai ɗakina cewa bana dai zan yi Sallah da kwanciyar hankali. Ranar jajiberi da hantsi sai ga kiran Alhaji, babban mai hulɗa da mu a Abbatuwa, wanda yaransa ke da teburan POS a tsakiyar masu raguna. Ko gaisuwa bai tsaya mun gama ba.

"Malam, kwana biyu ke nan ba mu da sabis. Mutum ya yi cinikin rago, ya miƙo kati, abu ya ƙi tafiya, ya saki igiya ya wuce gaba. Kai da ka ce min kafin in sani kai ka sani?"

Na ce, "Alhaji, Allah ya huci zuciyarka, ba ni minti goma."

Duk wanda ya san Abbatuwa a makon Sallah ya san abin da kwana biyu ke nufi. Tireloli sun sauke, mutane sun yo dakon dabba tun daga Arewa, cinikin shekara a kwanakin nan ake yinsa. Na buɗe kwamfuta a tsakar gida, hannuna na rawa. Jadawalin eriyar Alhaji fari fat. Na duba na wani, fari. Duka sun tsaya a wuri ɗaya, ƙarfe 1 na dare daidai, kamar an sa wuƙa an yanke, kuma sabarmu a kan agogon duniya na UTC take, wanda Legas ta riga shi da awa ɗaya. Wato tsakar dare ke nan a wurinta. Na shiga log na Zabbix, inda take rubuta abin da ke faruwa, layi iri ɗaya ya cika shi dubbai, kuskure mai lamba 1526: teburin ba shi da ɗakin da zai ajiye wannan lokacin. Bayanai na zuwa, ba inda za a sa su, suna zubewa. Eriyar ta mutu, Zabbix ba ta ce min uffan ba.

Ga abin da ya faru. Tsarin da ya rubuta ba ya tashi da kansa, sai agogon cikin rumbu, event_scheduler, ya tashe shi. A MariaDB agogon nan a kashe yake zuwa. Shi kuma ya kunna shi ne da umarnin SET GLOBAL, wanda ke aiki kawai har zuwa ranar da saba za ta mutu. Bai rubuta shi a fayil ɗin saiti ba. Daren ruwan nan agogon ya koma a kashe, muka ci gaba da cin ɗakunan da aka riga aka gina, ɗaya bayan ɗaya, har na 14 ya ƙare. Layi ɗaya tak. A garin da babu wanda zai rantse maka wuta za ta kai gobe, mutum ya yi aikin da ba zai jure mutuwar saba sau ɗaya ba, bai ma gwada kashe ta ya kunna a gabana ba.

Zan yi masa adalci a nan: kira ɗaya ya ɗauka, yana cikin hidimar Sallarsa. Ya shiga daga nesa, ya gina ɗakunan da hannu, ya sa layin a fayil, cikin minti 20 jadawali ya motsa. Ya ce, "Wallahi Malam kuskurena ne, ka yafe ni." Raina ya yi sanyi, na ce ɗan Adam ajizi ne. Yaronmu ya hau acaɓa ya je ya tarar ruwa ne ya shiga mahaɗar wayar eriyar, gyaran rabin awa. Har a lokacin ina ganin tauraro huɗu bai yi masa yawa ba.

Amma ina dawowa Legas sai ga takardar kuɗi, wai na aikin gaggawa a ranar hutu. Na karanta ta sau biyu. Kai ka bar ƙofa a buɗe, sannan ka caje ni kuɗin rufewa? Wannan takardar ce ta sa na zauna na bi aikin da kaina, sai sauran abubuwa suka fito. Bai sa wani abin da zai duba yawan ɗakunan da suka rage ya yi ƙara ba, alhali aikin Zabbix ke nan, abu ne na minti goma. Bai bar min rubutu ko shafi ɗaya ba. Bai taɓa faɗa min cewa wannan yankan a MySQL da MariaDB ba Zabbix ke kula da shi ba, nauyin a kanka yake har abada, kuma akwai TimescaleDB a kan wani rumbun daban, PostgreSQL, wadda Zabbix ke goyon baya a hukumance, tana yanka teburin da kanta, tana kuma matse tsofaffin bayanai. Wataƙila da na ji zan zauna a MariaDB ɗin, amma ai haƙƙina ne in zaɓa.

Sannan maganar sabuntawa. Mun yi da shi tun farko za mu tashi daga Zabbix 6.0 zuwa 7.0, wadda ta fito a Yunin 2024. Da na karanta tsarin nasa sai na ga sunayen teburan a rubuce suke ɗaya-ɗaya, ita kuwa 7.0 ta zo da sabon teburi, history_bin, wanda tsarin bai san da shi ba. Ga kuma teburanmu tsofaffi ne, ba su da babban mabuɗin bambanta layi da layi da aka fara sa wa teburan history tun 6.0. Sa shi sai an gina sabbin teburai an kwashe bayanai, sabbin kuma ba ɗakuna suke zuwa da su, sai an sake yankawa. Na tambaye shi, ya ce eh haka ne, wannan wani aikin ne da nasa kuɗin. Me ya hana ka faɗa daren da muka kwana muna sake gina teburin, a yi su lokaci guda?

Hannunsa ya iya aiki, wannan ba zan janye ba, kuma saurin da muke gani yau nasa ne. Amma tauraro biyu zan ba shi. Wanda zai ɗauke shi, kafin ka biya ka ce ya kashe sabar ya kunna a gabanka, ya nuna maka agogon yana nan a kunne, ya kuma nuna maka ƙarar da za ta tashi idan ɗakuna suka rage uku.

Takardarsa ban biya ba, na kuma faɗa masa dalili baki da baki. Ni yanzu duk Juma'a in na dawo daga masallaci sai na ƙirga ɗakunan da idona, na kuma sa wata 'yar na'ura a gidana da ke kira na idan Zabbix ta yi awa ɗaya ba ta rubuta komai ba. Alhaji kuwa na je har rumfarsa na ba shi haƙuri, na yafe masa kuɗin wata. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo min lemo, amma rabin teburan POS ɗinsa ya mayar da su wani layin, kuma har yau bai dawo da su ba.