Inda za a nemi horon bin diddigin cututtukan ƙwari da na dabbobi: abin dubawa kafin a biya kuɗi

A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji da ke yankin Jaji, a ƙaramar hukumar Igabi ta Jihar Kaduna, kuma shi ne karo na farko da aka tabbatar da ita a kaji a nahiyar Afirka. Tambayoyin da irin wannan lamari yake tayarwa ba a ɗakin likita ake amsa su ba. Daga ina aka sayo 'yan tsakin, wace kasuwa aka kai kajin, su wa suka ɗauki mushen da hannunsu, gonaki nawa ne ke kusa da wurin, kuma wace hanya motocin abincin kaji suke bi? Mai iya amsa waɗannan shi ne wanda ya koyi bin diddigin cututtuka, ya san halin dabba da na ƙwaro, sannan ya iya ɗora abin da ya gano a kan taswira. Saboda haka ne likitocin mutane da na dabbobi, da ma'aikatan ɗakin gwaji, da duba-gari, da jami'an sa ido kan cututtuka na ƙananan hukumomi 23 na jihar nan suke ta neman inda za su ƙaro wannan ilimi, masu tallar kwasa-kwasai kuma suka cika zaurukan WhatsApp.

Abu na farko da ya kamata mai nema ya gane shi ne sana'o'i uku ake haɗa masa a ƙunshi ɗaya, kuma da wuya a sami wurin da ya ƙware a dukkansu. Akwai ilimin yaɗuwar cuta shi kansa, wato yadda ake fayyace wanda za a ƙirga a matsayin mai cutar, da yadda ake lissafa adadin masu ita a kan yawan jama'a, da yadda ake gane ko abin da aka gani ɓarkewa ce ko kuwa rahoto ne kawai ya ƙaru. Akwai sanin ƙwaro da dabba: sauro, da ƙudan tsando, da kaska, da ɓeran da ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, da cututtukan da ke tsallakowa daga garke zuwa gida irin su bakkale da saifa da haukan kare. Na uku shi ne taswirar kwamfuta, wadda aka fi sani da GIS. A ganina, wanda ba shi da na farko bai kamata ya fara kashe kuɗinsa a kan na uku ba, ko da yake shi ne ya fi ɗaukar ido, domin taswira ba ta gyara bayanan da aka tattara ba daidai ba, sai dai ta yi musu kwalliya.

Ga ma'aikacin gwamnati da ke son ya ci gaba da aikin fili, babu zaɓin da ya kai shirin horon bin diddigin cututtuka na ƙasa da ake kira NFELTP, wanda aka fara a 2008 da tallafin cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka da ƙungiyar masu bin diddigin cututtuka ta Afirka, AFENET, tare da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Ibadan. Babban matakinsa shekara biyu ne, yana kai mutum ga digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, kuma wajen kashi 75 cikin ɗari na lokacin a fili ake yin sa, ragowar ne kawai a aji. Abin da ya fi dacewa da batunmu shi ne tun daga farko an haɗa likitocin mutane da na dabbobi da masana ɗakin gwaji a shiri guda, ta yadda wanda ya saba da kwata da wanda ya saba da gadon asibiti za su zauna a kan takardar bincike ɗaya. Akwai kuma ƙananan matakai, ɗaya na kimanin wata uku domin jami'an da ke matakin ƙaramar hukuma, ɗaya kuma na kimanin wata tara. Matsalarsa ita ce ba kaya ne da ake shiga kasuwa a saya ba: guraben kaɗan ne, ana tantancewa, kuma sai ma'aikatar mutum ta yarda ta sake shi. Sannan kada a shiga da zaton za a fito gwanin taswira ko masanin ƙwari. Za a taɓa su gwargwadon buƙatar aikin ɓarkewar cuta, amma zurfinsu sai an nema a wani wurin.

Wanda bai sami wannan gurbi ba, ko kuma wanda hankalinsa ya fi karkata ga koyarwa da bincike, sai ya dubi digiri na biyu na jami'a kai tsaye, kuma a nan mutanen Kaduna sun yi sa'a, tunda Zariya ba ta kai tafiyar wuni ba. Tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen da aikinsa shi ne lafiyar al'umma ta fuskar dabbobi, akwai sashen lafiyar al'umma a ɓangaren likitancin mutane, akwai kuma cibiyar nazarin cututtukan da aka yi wa sakaci ta ACENTDFB, wadda aka kafa da tallafin Bankin Duniya, mai aiki a kan cututtuka irin su sammore da tundurmi da haukan kare. Amfanin wannan hanya shi ne takardar da za a samu tana da nauyi wajen ƙarin girma, kuma mutum zai yi bincike nasa na kansa daga farko har ƙarshe. Abin lura shi ne sunan kwas ba ya nuna abin da za a koya. Malamin da zai duba aikin ɗalibi shi ne yake nunawa. Kafin a sayi fom, ya kamata a je a ga malamin ido da ido, a tambaye shi aikin da ɗalibansa na baya suka yi, a kuma nemi sanin wanda zai biya kuɗin sinadaran gwaji da na zirga-zirgar ɗebo samfur, domin sau da yawa wannan kuɗi ya fi kuɗin makaranta, kuma shi ne yake mayar da karatun shekara biyu ya zama na huɗu.

Akwai wata hanya da mutane suke rainawa saboda ba ta da rigar yaye ɗalibai, wato neman a tura mutum ya zauna na ɗan lokaci a cibiyar bincike. A Unguwar Rimi da ke cikin garin Kaduna hedikwatar cibiyar binciken ciwon barci da sammore ta ƙasa take, wadda aka fi sani da NITR, kuma tushenta tun zamanin Turawan mulki ne. A Vom ta Jihar Filato kuma akwai cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa, wadda ta faro a 1924. A irin waɗannan wurare ne ake koyon abin da ba a koyo ta fuskar kwamfuta: yadda ake kafa tarkon ƙudan tsando a bakin rafi, da yadda ake feɗe shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, da yadda ake ɗebo jinin saniya a kai shi ɗakin gwaji bai lalace ba. Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Zazzau. Tun a ƙarshen shekarun 1930 aka yi aikin Anchau, inda aka sassabe kurmin bakin rafuka domin korar ƙudan tsando, aka tashi mutane daga wuraren da ciwon barci ya yi ƙamari, aka kafa sabon gari mai suna Takalafiya. Waɗanda suka yi wannan aiki da ƙafa da takarda da fensir suka zana taswirarsu, amma sun san kowane rafi da suka zana. Duk wanda zai yi aiki a wuri irin makiyayar Ladduga da ke Kaciya, ko a kasuwar shanu ta Zango a Tudun Wada, wata uku a gefen tsohon ma'aikacin fili zai fi yi masa amfani a kan takardu uku na bita.

Bitar ce ma take buƙatar a tsaya a kanta, domin a nan aka fi yin asarar kuɗi. Na taɓa halartar wata ta kwana biyar a ɗakin taron wani otal a cikin garin nan, inda aka yi mana alkawarin koyon taswirar cututtuka daga tushe. Ranar farko ta tafi a wajen saka manhaja a kwamfutoci, saboda rabin mahalarta sun zo da na'urorin da ba za su iya ɗaukarta ba. Sauran kwanakin muka yi ta danna inda mai koyarwa ya ce a danna, a kan bayanan wata ƙasa da babu wanda ya taɓa zuwa a cikinmu. A rana ta ƙarshe wata jami'a da ke zaune kusa da ni ta buɗe nata jerin sunayen masu cutar da ta kawo daga ofis, ta ɗora a kan taswira, sai ga ɗigogin duka sun faɗa can kudancin Taraba. Ta juyo ta ce da ni, "Malam, ni fa ban taɓa aiki a Taraba ba." Ashe lambar arewa da lambar gabas ne aka sauya musu gurbi, kuma tunda Kaduna tana wajen 10.5 a arewa da 7.4 a gabas, idan aka juya su ba a teku ɗigon yake faɗawa ba balle a gane nan take, a cikin Najeriya yake sauka. Minti biyu gyaran ya ɗauka, amma shi ne darasi mafi amfani da aka yi a makon, kuma ba ya cikin jadawali.

Ba ina nufin kowace gajeriyar bita yaudara ce ba. Tana da amfani ga wanda ya riga ya san aikin, yake neman dabara guda takamaimai. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne ko za a bar mahalarta su zo da bayanan ofishinsu, da ko manhajar da za a koyar za ta ci gaba da aiki bayan an watse. Manhajar taswira ta QGIS kyauta ce, haka ma R ta lissafin bayanai, da SaTScan da ake amfani da ita wajen gano inda cuta ta taru fiye da kima, da KoboToolbox da ODK na tattara bayanai da wayar hannu. Manhajar taswira ta ArcGIS kuwa ta kuɗi ce, tana da kyau ƙwarai, amma idan lasisin gwaji aka saka wa mutum kuma ofishinsa ba zai sabunta ba, to ya koyi tuƙi ne da motar aro. Haka nan ya kamata mai koyarwa ya san inda ake samun iyakokin mazaɓu 255 na jihar da wuraren asibitoci da ƙauyuka, kamar bayanan GRID3, ya kuma san yadda ake fitar da rahoto daga manhajojin adana rahoton lafiya na DHIS2 da SORMAS, tunda da su ake aiki a ofisoshin lafiya.

A nan ne kuma za a ga iyakar makarantun safiyo da taswira, irin sashen da ke Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ko cibiyar AFRIGIST da ke Ile-Ife. Wajen sanin hoton tauraron ɗan'adam, da yadda ake gano tafkuna da fadamu da ciyayi daga sama, sun fi kowace bita nesa ba kusa ba, kuma wannan ilimi ne da mai bin sawun sauro ko dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya yake buƙata. Amma ba aikinsu ba ne su koya wa ɗalibi cewa taswirar da ta nuna masu cuta sun yi cincirindo a Shika, inda asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yake, ko a kewayen asibitin Barau Dikko na Kaduna, wataƙila adireshin asibiti aka rubuta a maimakon garin majinyaci, ko kuma cewa mazaɓar da ta fi yawan masu zazzaɓi tana iya zama wadda ta fi yawan mutane ne kawai. Wannan hanya ta fi dacewa da wanda ya riga ya sami tushen ilimin cuta, ko kuma ofishin da zai haɗa masanin taswira da masanin cuta a teburi ɗaya.

Karatu ta intanet da na ƙasashen waje ba sai an daɗe a kansu ba. Darussan Hukumar Lafiya ta Duniya na kyauta sun isa mutum ya gwada ko fannin ya dace da shi kafin ya kashe ko kwabo. Makarantun nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi na Landan da Libaful a Ingila suna da suna tun ƙarshen ƙarni na 19, ta Landan ma tana ba da digiri na biyu daga nesa, cibiyar icipe ta Nairobi kuma ta shahara a ilimin ƙwari. Sai dai da kuɗin waje ake biya, kuma a halin da naira take ciki ba zan ba ma'aikacin albashi shawarar ya ɗauki wannan nauyi ba sai da tallafin karatu a hannu. Mai karatu daga nesa kuma ya sa kuɗin data da na wuta a lissafi, ya kuma tanadi kwamfuta mai ƙwaƙwalwar aiki aƙalla gigabait 8, idan da hali 16, domin hoton tauraron ɗan'adam yana da nauyi.

Idan aka tambaye ni, jami'in ƙaramar hukuma ya fara neman matakin wata uku na NFELTP, ya haɗa da koyon QGIS a kan bayanan ofishinsa. Likitan mutane ko na dabbobi mai niyyar daɗewa a wannan aiki ya nemi matakin shekara biyu, idan bai samu ba ya nufi Zariya bayan ya sami malamin da ya amince da shi. Wanda zuciyarsa ke kan ƙwari kuma ya ƙwanƙwasa ƙofar cibiyoyin bincike. Kowace hanya aka zaɓa, a karɓi takardar izinin hutun ƙaro karatu a rubuce, da sa hannu da hatimi, kafin a biya kuɗin rajista, a kuma tambayi shugaban sashe a kan wane teburi za a zauna idan an dawo, domin na ga wanda ya kammala horon shekara biyu aka mayar da shi kula da ɗakin ajiyar magunguna.