Haɗa buƙatun faifai da haɗa gutsuren ƙwaƙwalwa a kanel ɗin Linux: ina suka bambanta?

Ɗan'uwa, ka ce ka rubuta 2 a fayil ɗin nomerges na faifanka, wanda ke sarrafa haɗa buƙatun karatu da rubutu, ka ga rrqm/s da wrqm/s (yawan buƙatun karatu da na rubutu da aka haɗa a daƙiƙa) na iostat, manhajar da ke nuna aikin faifai, sun sauka ƙasa, amma wani ya ce maka kanel, wato zuciyar Linux, bai daina haɗa gutsuren ƙwaƙwalwa ba, shi ya sa kake tambaya ko wane ne ke da gaskiya. Dukanku kuna da gaskiya, domin haɗin iri biyu ne, kuma kowanne da maƙwabtakar da yake dubawa.

Na farko, wanda ka kashe, faifai yake kallo. Idan buƙata ɗaya ta ƙare a daidai sektar (ƙaramin yanki na faifai) da wata ta fara, kuma duka karatu ne ko duka rubutu, sai kanel ya liƙa su su tafi a umarni guda, ko dai sabuwar ta shiga ta baya, wanda shi ya fi yawa, ko ta gaba. Fayil ɗin nomerges na karɓar 0 don barin kowane haɗi, 1 don barin mai sauƙin ganowa kawai, 2 kuma don hana shi baki ɗaya. Amfanin wannan haɗi a tsohon faifai mai juyawa ba ya ɓuya, tunda kowane umarni na iya jawo motsin kan karatu, amma a NVMe, faifai mai sauri marar juyawa, ribar ta ragu ƙwarai.

Na biyu RAM yake kallo, kuma nan ne maganar take da zurfi. Manhaja tana ganin wurin da za a zuba mata bayanai a miƙe yake, alhali a zahiri shafuka ne masu bayit 4096 a na'urorin x86, waɗanda za su iya kasancewa warwatse ko'ina. Na'urar faifai kuwa ta hanyar DMA, wato shiga RAM kai tsaye, take ɗauka ko zuba bayanai, don haka dole a ba ta jerin adireshi da tsawon kowanne. Kowane layi a wannan jeri shi ne gutsure. Idan shafuka biyu suna jere a adireshinsu na zahiri, kanel zai mai da su gutsure ɗaya, muddin bai wuce max_segment_size, wato iyakar girman gutsure, ba kuma bai ƙetare wata iyaka da na'urar ta gindaya ba.

Ɗauki karatun 1 MiB, wato shafuka 256. Idan duk a warwatse suke, gutsure 256 ake buƙata, direban AHCI na Linux (na faifan SATA) kuma 168 kawai yake karɓa a umarni ɗaya, don haka za a raba karatun gida biyu, kashin farko ya tsaya a 672 KiB, duk da cewa a kan faifai bayanan a jere suke tas. Idan kuwa shafukan suna liƙe da juna, kuma iyakar gutsure 64 KiB ce, gutsure 16 sun wadatar, umarni ɗaya ya ɗauke komai. Ka ga ke nan na biyun yana iya yanke wa na farko hukunci: kafin a haɗa buƙatu biyu sai an ƙirga gutsurensu, in sun zarce max_segments, wato iyakar yawan gutsure, a fasa. Waɗannan lambobi biyu, max_segment_size da max_segments, suna nan a /sys/block/sda/queue, kusa da nomerges ɗin da ka taɓa.

Lokacin yin aikin ma ya canza. Tun da Jens Axboe ya shigo da tsarin bio, wanda kanel ke bayyana buƙatar karatu ko rubutu da shi, a jerin Linux 2.5, kowane bio_vec, wato layi ɗaya a cikin bio, shafi ɗaya yake riƙewa, sai an zo gina jerin da za a miƙa wa direba sannan blk_rq_map_sg, sashen kanel mai gina jerin, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana haɗawa. Aikin Ming Lei da ya shiga Linux 5.1 a 2019 ya ba bio_vec ɗaya damar riƙe shafuka da yawa masu jere, sai haɗin ya fara tun lokacin da ake ƙara shafi cikin bio. A ganina wannan gyara ya fi yawancin sauye-sauyen masu tsara jerin gwanon buƙatun faifai tasiri a manyan karatu, ko da yake ba kasafai ake maganarsa ba.

Akwai kuma IOMMU, mai fassara adireshi tsakanin na'ura da RAM, wanda ke iya nuna wa na'ura warwatsattsun shafuka kamar a jere suke. A da kanel yana riƙe ƙidayar gutsure ta daban saboda shi, har aka cire ta a 2.6.28 cikin 2008, domin hasashen da ake yi tun farko ba lallai ya dace da abin da IOMMU zai iya yi daga baya ba.

Shawarata ita ce ka mayar da nomerges zuwa 0 idan faifan mai juyawa ne. Idan kuma ka ga manyan buƙatunka suna fita ƙanana a iostat, ka fara duba max_segments da max_sectors_kb (iyakar girman buƙata ɗaya), sannan ka gwada manyan shafuka masu 2 MiB ga manhajar da ke amfani da O_DIRECT, wato karatu ko rubutu kai tsaye ba ta ma'ajiyar kanel ba.